Jawabin maraba ga Mai Girma Hakimi ranar da ya ziyarci sansanin dogon hutun yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya. Dagatai da masu unguwanni da suka rako shi, Malam Liman, sarkin makafi da sarkin guragu na garin nan, iyaye maza da iyaye mata, malamai 'yan sa kai, sannan ku yara masu gidan, sannunku da zuwa, sannunku da ruwan sama kuma, dan na ga wasu har yanzu gefen rigarsu a jiƙe yake.

Ranka ya daɗe, wallahi da aka ce mana da kanka za ka zo ban yarda ba, na ɗauka wakili za a turo mana kamar yadda aka saba, sai da muka ji jiniya da safen nan sannan na tashi na fara gyara ɗankwali. An ce zuwa da kai ya fi saƙo, toh ga shi ka zo. Mun gode, mun gode ƙwarai. Kai mana haƙuri da kujerar da muka ba ka, ta hedimasta ce muka aro, ita ce mafi kyau a makarantar.

An rubuta min jawabi mai tsari, amma ni in na karanta takarda sai in dinga tuntuɓe, dan haka zan yi maganar kawai yadda ta zo min, kuma rabinta ma ba kai nake wa ba ranka ya daɗe, iyayen nan nake wa, da waɗanda ba su zo ba, su kuwa ta bakinka kawai za su ji.

Abun da muke yi a nan mai sauƙi ne. Makaranta ta tashi dogon hutu, ajujuwa babu kowa har zuwa Satumba, sai muka roƙa aka ara mana wajen, yara suna zuwa da safe su koma gida bayan la'asar, ba kwana ake ba, na faɗa tun yanzu dan ita ce tambayar farko da iyayen 'yan mata suke mana. Bambancinmu da sauran darasin hutu da ake yi a gari shi ne duk yaron da aka kawo muna karɓa. Ga makaho ga kurma ga mai keken guragu ga zabiya ga mai sikila ga wanda bai cika magana ba, ga kuma ƙannensu da yayyensu da 'ya'yan maƙota da lafiyarsu ƙalau, aji ɗaya, tabarma ɗaya, kwano ma in ta kama ɗaya.

Ni uwa ce kafin in zama komai a wajen nan. 'Yata ta biyu ba ta ji, zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da jinta tana ƙarama. Ranar da na kai ta wata makaranta a sa ta, ba zan faɗi wacce ba, shugaban wajen ya kalle ta ya kalle ni ya ce Hajiya ki kai ta Tudun Maliki mana, ai can ne wajensu. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano ba laifi gare ta ba, ta yaye kurame da makafi da yawa da suke cin gashin kansu yau, biyu daga cikin masu koya mana maganar hannu a nan ma can sukai karatu. Amma yarinya 'yar shekara 6 da ko wanka ba ta iya yi wa kanta ba, in ɗauke ta daga garinmu in kai ta cikin birni? Haka na dawo da ita gida, ta shekara biyu tana leƙen 'yan uwanta ta taga suna tafiya da jaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa in uwa ta ce min tana jin kunyar fito da ɗanta ba na yi mata faɗa, na san abun.

Amma dai a fito da su. Ranka ya daɗe akwai yara a garin nan da maƙota ma ba su san da su ba, in an yi baƙi a tura su ƙuryar ɗaki, in ana biki a bar su da kaka. Wasu kuma an fito da su ɗin amma bara aka fito da su. Kuma doka tana bayansu, mutane ne ba su sani ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin karatu kyauta har sakandare, ta ce wanda ya nuna musu wariya tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari, in kamfani ne ko ma'aikata naira miliyan 1. Ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai shiga da kansa, wa'adin ya cika tun farkon 2024. An ma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Duk wannan yana takarda. Mu dai da muka zo ajin nan matakala uku muka tarar, kafinta ne ya buga mana katako muka jingina, shi ne wanda ka taka ɗazu yana ƙara.

Yanzu iyaye, dan Allah ku saurara, ga inda muke samun matsala da ku. Fom ɗin da muke ba ku ku cike, ku faɗi gaskiya. Ba ma mayar da yaro saboda abun da aka rubuta, ko ɗaya ba mu taɓa ba. Ɓoyewar ce take ba mu wahala. Satin farko wani yaro ya faɗi a filin wasa yana jijjiga, yara suka watse, wata 'yar sa kai ma ta ja da baya dan ta taso da jin cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka ɗauka. Ba a ɗauka. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa ko ta cin abinci tare, larura ce ta ƙwaƙwalwa kuma tana da magani a asibiti. Allah ya sa nas ɗinmu tana kusa, ta kawar da duwatsun da ke gefensa, ta sa masa mayafi a ƙarƙashin kai, ba ta danne shi ba, ba ta cusa masa cokali a baki ba kamar yadda ake yi a gida, da ya lafa ta juya shi ya kwanta ta gefe, tana duba agogo dan in ya wuce minti 5 sai asibiti. Da muka kira mahaifiyarsa sai ta fashe da kuka ta ce yana shan magani ma, ranar ne ya ƙare, tsoro ta ji kar mu kore shi. Yaron yana nan cikinsu, ba zan nuna shi ba, shi ne dai ya fi kowa ƙiriniya. Da ta faɗa mana tun farko da mun tuna mata maganin.

Haka masu sikila. Watan Agusta ne, kullum hadari, kuma babu yaron da ba ya son wankan ruwan sama, amma mai sikila sanyi da ƙishirwa da gajiya da zazzaɓin cizon sauro su ne suke tayar masa da ciwo. In mun sani za mu sa masa ido ya dinga shan ruwa a kai a kai, a zo masa da rigar sanyi, in ana guje-guje mu ba shi usur ya zama alƙalin wasa, kuma ba mai fahimtar dalili. Maganinsa na kullum a kawo shi da sunansa a jiki a miƙa wa nas hannu da hannu, kar a bar shi a aljihun yaro. Su kuma zabiya malafa da riga mai dogon hannu, ko da gari ya yi lumshi dan rana tana ƙona fata ta cikin gajimare, kuma gaban allo muke zaunar da su saboda yawancinsu ba sa gani daga nesa, wasu malamai sai su ɗauka rashin ƙoƙari ne alhali allon ne ba ya gani.

Maganar tsaro a taƙaice. Wanda ya kawo yaro shi zai ɗauke shi, ko wanda aka rubuta sunansa tun farko, ko kawunsa ne ya zo ba ma bayarwa sai mun kira waya. Mace ce take raka 'ya mace banɗaki, namiji ya raka namiji, kuma babban mutum ba ya keɓewa da yaro a ɗaki su biyu, ko ni. Ba a ɗaukar hoton yaro a sa a Facebook ko WhatsApp sai iyayensa sun yarda, ina roƙon 'yan rakiyar Mai Girma ma da na ga sun ɗaga wayoyi su yi mana haƙuri da wannan. Yaran nan ba tallan neman taimako muke da su ba.

Kuɗi kuma, wanda yake da hali ya biya, wanda ba shi da shi ya zo ya faɗa min a kunne. Akwai wadda ta biya da kwanon wake, da shi akai alalar jiya.

Sai ku iyayen masu lafiya, da wasunku suka ce min wai kar ɗansu ya koma baya dan an haɗa shi da waɗanda ba sa ganewa da wuri, wata ma ta ce tana da ciki ba ta son ta dinga ganin irin yaran nan. Hajiya kallo ba ya sauya halittar abun da ke ciki. Maganar komawa baya kuwa, gani ya kori ji. Akwai wasan da makafi ke yi da ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, mutum uku kowane ɓangare, kowa a ɗaure masa ido, a gangaro ƙwallon a ƙasa kai kuma ka tare da jikinka, 'yan kallo dole su yi tsit dan da kunne ake bugawa. An ƙirƙiro shi ne a 1946 saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu, yanzu har a gasar nakasassu ta duniya ana yinsa. Mu ba mu da ƙwallon asali, tsohuwar ƙwallo muka sa a leda mai ƙara muka ɗaure. Ranar farko masu ido suka shiga da fankama, wai za su tausaya musu. An lallasa su. Wani da yake ji da kansa a ƙwallon unguwa ya cire ƙyallen ya zauna yana huci, daga baya shi ya je ya samu makahon da ya ci shi yana tambaya wai ta yaya kake sanin inda take. Tun ranar tare suke tafiya masallaci, kuma ya koyi cewa ba a jan makaho da hannu kamar akuya, shi ne zai riƙe gwiwar hannunka kai kana ɗan gaba.

Ƙwallon guragu kuwa ba sai na gaya wa mutumin ƙasar Kano ba, namu ne, Misbahu Lawan Didi ne ya fara shi a 1988, a zauna a kan ɗan katako mai taya a buga da hannu. Yawancin waɗanda suka yi suna a wasan, cutar shan inna ce ta kama su. Alhamdulillahi tun Agustan 2020 aka sanar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma ɗigon rigakafin bai ƙare ba, in sun zo ƙofar gida a fito da yara. Matasan da cutar ta riga ta taɓa su ne suke zuwa koya wa yaranmu wasan, masu ƙafa ma sai sun zauna a katakon, su ga yadda hannu ke yin kanta.

Ba wai komai daidai yake tafiya ba. Ana tsokana, yara ne. An kira 'yata bebiya a gabana. Akwai yaron da ba ya son hayaniya, in aka yi tafi da ƙarfi sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur, sai da muka ware masa kusurwa a ofis da tabarma ya dinga zuwa ya huta in abun ya ishe shi, shi ya sa ma kuka ga yau ba ma tafi, hannu muke ɗagawa muna kaɗawa irin na kurame. Abun dariya, yaran da suka fi tsokanar 'yata su suka fi kowa saurin koyon maganar hannu, dan sun gano da ita za su yi gulma a aji malam bai ji ba.

Malam Liman ya karanta musu farkon Suratu Abasa ranar Juma'a, ya ba su labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da ayoyin saboda shi, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) har ake bar masa Madina in an fita. Wani ƙaramin makaho ya ɗaga hannu ya ce toh shi me ya sa ba a taɓa ba shi kiran sallah ba. Shi zai kira mana azahar yau in sha Allahu.

Ranka ya daɗe, roƙonmu biyu ne, ba za mu cika ka ba. Na farko, masu unguwanni sun san kowane gida, sun san inda yaran nan suke, in suka ji daga bakinka cewa a fito da su za a fito da su, abun da mu muka yi wata muna bi gida gida ba mu samu ba. Kuma in Satumba ta zo kar a mayar da su ƙuryar ɗaki, firamaren nan da suka saba da ita ta karɓe su. Na biyu banɗaki. Ƙofarsa keke ba ya shiga, ramin ƙasa ne kuma babu abun dafawa, akwai yarinyar da take ƙin shan ruwa tun safe dan kar a ɗauke ta a kai ta. A faɗaɗa ƙofa ɗaya, a sa ƙarfen riƙewa da mazauni, a zuba siminti a madadin katakon can. Magini ya zo ya duba, takardarsa tana hannun sakatarenka.

Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya mayar da kai gida lafiya. Kafin nan yara sun ce in isar maka da saƙo, wai sun ajiye ƙyalle guda mai tsafta, in Mai Girma zai yarda a ɗaure masa ido ya gwada tare ƙwallo ko sau ɗaya. Na ce musu rawani ba ya son haka, suka ce toh ya wakilta Dagaci. Bismillah, filin yana bayan ajin nan.

Wassalamu alaikum.