Sanyin Oulu da abin da mutanen Finlan ke kira sisu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata yau, mayafin da na naɗe baki da shi ne ya sa kuke jin ta can ƙasa-ƙasa, in na cire kuma leɓena ne zai sha wahala. Muna nan garin Oulu a arewacin Finlan, wajen kilomita 600 daga Helsinki babban birni, watan Janairu ne, waya ta ce digiri 21 ƙasa da sifili. Ita kanta wayar sai ina yi ina cusa ta cikin riga don sanyi shanye batir yake yi, to in kun ga hoto ya ɗauke kun san dalili.

Tambaya ɗaya ce kuka dame ni da ita, wai ya ake rayuwa a nan, wai mutanen nan jikinsu ba ya jin sanyi ne? Yana ji mana, har mita suke yi kamar kowa. Amma suna da wani abu da suke kira sisu, wato ƙarfin da mutum ke zaƙulowa bayan ya ɗauka nasa ya ƙare, ya ci gaba da abin da ya sa a gaba ko da alamu sun nuna ba nasara. Sunan har a jikin manyan motocin ɗaukar kaya za ka gan shi, akwai alewa mai sunan, akwai jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara a teku shi ma Sisu. Abin mamaki su da bakinsu ba su cika faɗarsa ba, mu baƙi da 'yan jarida mu muka fi yawan ambato.

Bari in juya muku kamara. Kun ga wannan hanyar? Ba ta mota ba ce, ta keke ce da masu tafiya a ƙasa, kuma irinta a garin nan ta haura kilomita 900. Da safe wajen ƙarfe takwas, duhu ne ƙirin lokacin don rana sai wajen goma take leƙowa, yara 'yan firamare za ku gani jere a kan kekuna suna tafiya makaranta cikin wannan sanyin, ba uwa ba uba a bayansu. In ka tsaya daga nesa sai ka ce kai, waɗannan ƙarfe ne ba mutane ba. Amma matso kusa ka duba. Tun cikin dare motocin share dusar ƙanƙara suka bi hanyar suka daddale ta, fitilu na ci, yaron yana sanye da kaya hawa uku, na ulu a ciki, mai tare iska a waje, safar hannu, hula a ƙarƙashin hular kwano, ga wani ɗan abu mai ƙyalli yana reto a jikin rigarsa don direba ya hango shi cikin duhu, wasu ma tayar kekensu da 'yan ƙusoshi a jiki saboda santsi. Yaron yana da ƙarfin hali, ba na musu, sai dai mutum nawa ne suka tashi tsakar dare suka yi aiki kafin ya nuna ƙarfin halin nasa? Wannan shi ne abin da masu zuwa su yi bidiyon kwana biyu su koma ba sa nuna muku.

Jarirai ma a waje ake kwantar da su barcin rana, cikin keken turawa, an naɗe su tsaf cikin jakar barci mai ɗumi. Ranar da na aika wa Hajiyarmu hoton haka cewa ta yi a kira musu hukuma.

To daga ina abin ya samo asali? Duk wanda ka tambaya ƙarshenta yaƙi zai kai ka. Ranar 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta afka wa Finlan, ƙasar da a lokacin mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, kuma shekara 22 kacal da samun 'yancinta daga Rasha a 1917. Duniya ta ɗauka sati biyu an gama. Sai aka yi kwana 105 ana gwabzawa. Gabas da nan akwai wani wuri Suomussalmi, a can ne sojojin Finlan sanye da fararen kaya, suna sulu a kan dusar ƙanƙara cikin daji, suka datse dogon ayarin sojan Sobiyet a kan hanyar Raate suka yanka shi gunduwa-gunduwa, a watan Janairun 1940, sanyi ya fi na yau nesa ba kusa ba. Niyyar ayarin ita ce ya ratso ya iso nan Oulu ya raba ƙasar biyu. Kuma ko a nan ɗin ku lura, sojan Finlan yana da tanti mai murhu a ciki da abinci mai zafi, ya san dajin tun yana yaro, na ɗaya ɓangaren kuwa an turo da yawansu daga Yukren ba kayan sanyin kirki.

Amma fa kar wani ya ce muku Finlan ce ta ci yaƙin. A watan Maris 1940 dole ta sa hannu ta ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, har da babban ɓangare na yankin Kareliya, mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu da gonakinsu. A 1944 kuma, gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu, Sobiyet ta ɗora mata diyyar dala miliyan 300, ba kuɗi a hannu ba, jiragen ruwa da injuna da jiragen ƙasa za ta ƙera ta kai. Ƙasar manoma da masu saran itace ce fa, masana'antun ma sai da aka faɗaɗa su tukuna. Suka biya tas, kaya na ƙarshe ya tsallaka iyaka a Satumban 1952, shekarar da Helsinki ta karɓi baƙuncin Olamfik. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni a kan na harbe-harben, shekara takwas mutum yana tashi da asuba yana ƙera abin da wanda ya ƙwace masa gona zai ɗauka kyauta, bai zauna yana kuka ba, bai kuma ce ya fasa ba.

Kun san aikina kula da tsofaffi ne. Akwai wata tsohuwa da nake dubawa, Kaka nake ce mata, tana cikin yaran da aka kwaso daga Kareliya, abin da take iya tunawa shi ne saniyarsu da aka koro a ƙasa da kuma gidan mutanen da aka sauke su, ɗaki ɗaya su duka. Ta kusa casa'in yanzu, ƙafa ta yi nauyi, amma kullum sai ta sa an shirya ta ta tura keken dogarawarta zuwa ƙarshen baranda ta dawo. Wata rana na ce Kaka yau ki huta mana, sanyi ya yi yawa. Ta kalle ni ta ce in ta huta yau gobe ƙafar ba za ta san ta ba, miƙo min safa. Shikenan maganar, ba wa'azi ba dogon labari. Mutanen nan haka suke, magana kaɗan, in kana jiran su yaba maka ko su yaba wa kansu za ka daɗe.

Mu ma ai muna da haƙuri, wa zai koya wa matar da ta yi daka da surfe da goyo a baya juriya? Mahaƙurci mawadaci, da shi aka raine mu. Abin da na ga ya bambanta shi ne su nasu haƙurin ba ya zama wuri ɗaya, tun kafin wahalar ta zo sun tanadar mata. Iyakarsu da Rasha kilomita 1,340 ce, saboda haka duk namiji sai ya yi aikin soja ko na hidimar ƙasa, manyan gine-gine da maɓoya a ƙarƙashinsu, a faɗin ƙasar akwai irinsu wajen 50,000, hukuma kuma tana cewa kowane gida ya ajiye ruwa da abinci da tocila da rediyo mai batir da za su ishe shi kwana uku. A 2023 suka shiga ƙungiyar NATO. Ba wanda ke ɗaga murya a kan abin, shiri ne kawai ake yi. Suna kuma da aikin gayya irin namu sak, talkoot suke ce masa, mutanen gini ɗaya su fito rana guda su share fili su kwashe ganye, a ƙare da kofi da burodi.

Wancan dogon ginin da kuke hangowa ya tuna min, wa ya riƙe Nokia 3310 a cikinku? To kamfanin na ƙasar nan ne, kuma Oulu na cikin garuruwan da suka rayu da shi. Da wayoyin shafa suka yi masa fintinkau ya sayar wa Microsoft ɓangaren waya, cinikin ya kammala a 2014, injiniyoyi dubbai a garin nan suka wayi gari ba aiki. Da yawa ba su bar garin ba, suka buɗe ƙananan kamfanoni, zoben Oura mai auna barci da bugun zuciya a nan aka fara shi a 2013, jami'ar Oulu kuma yanzu binciken 6G take yi. Amma a faɗi gaskiya, wanda aikinsa ya tafi a nan yana da kuɗin rashin aiki, yaransa na karatu kyauta har da abincin rana, asibiti ba zai cinye masa gida ba. Wanda ya faɗi a kan katifa ya fi saurin tashi. Shi ya sa ba na son in ji ana cewa ai mu ragwaye ne su jarumai.

Akwai wani ɗan sanda mai gudun dogon zango, Lasse Virén, a Olamfik na Munich 1972 ya faɗi ƙasa ana tsakiyar tseren mita 10,000, ya tashi ya kamo su ya wuce, ya ci zinare har da kafa tarihin duniya. Ku nemi bidiyon, yana nan a YouTube.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, musamman 'yan uwa maza da ke ƙasashen waje. Wannan halin na cije haƙori a yi shiru yana da ranar da yake juyowa kan mai shi. A 1990 mutum sama da 1,500 ne suka kashe kansu a ƙasar nan cikin shekara ɗaya, mafi yawansu maza, ƙasar da mutanenta miliyan biyar ne lokacin. Mutum yana cikin ciwon damuwa, ga giya, ga duhu, ga kaɗaici, amma an raine shi a kan namiji ba ya kai kuka. Sai da gwamnati ta yi wani babban shiri daga 1986 zuwa 1996, aka bi diddigin mutuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, aka horar da ma'aikatan lafiya su gane alamun ciwon, yanzu adadin ya ragu da kusan rabi. Wata mai bincike a jami'ar Aalto, Emilia Lahti, da ta yi nazari a kan sisu ita ma ta nuna cewa in ya yi yawa yana cutar da mai shi da na kusa da shi, mutum ya ƙi neman taimako, ya ƙi tsayawa, ya daina tausayin wanda ya gaza. Na ga irin haka a cikinmu baƙi, yaro yana raba jarida ƙarfe biyun dare, da safe aji, da yamma wankin kwanuka, gida ana jiran aike, ka tambaye shi ya kake ya ce alhamdulillah alhali wata biyu bai yi barcin kirki ba. Godiya ga Allah wajibi ce, zuwa wurin likita kuma bai hana ta ba. Ƙasar da ake ta cewa ta fi kowace farin ciki a duniya tun 2018 ita ce dai wannan, su kansu in ka faɗa musu dariya suke yi.

Mun iso bakin kogi, nan ne Tuira. Kun ga wancan ramin da aka buɗe cikin ƙanƙara da tsani a gefe? Shiga suke yi, ruwan bai fi digiri ɗaya ba. Ga wata baiwar Allah can ta fito, ta kai sa'ar Innata wallahi, da hula da safar hannu da takalmin roba, ko minti ɗaya ba ta yi a ciki ba. Ba wanda ya fara da haka rana ɗaya, tun lokacin kaka suke shiga ruwa yana ƙara sanyi jiki yana sabawa, ba a shiga kai kaɗai, mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma sai ya tambayi likita. Ni dai ban shiga ba kuma ba na jin zan shiga, kar ma ku fara roƙona. Sauna kam ina zuwa ranar mata, ɗakin sirace ne na katako, a watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi tururi ya tashi, a ƙasar nan akwai wajen miliyan uku, mutanen kuma miliyan biyar da rabi da ɗoriya.

Abin da nake yi nawa mai sauƙi ne. Duk ranar da ba ni da aikin safe, da zarar gari ya yi haske sai na fita ko na rabin awa ne, ko raina bai so ba, don a Disamba rana wajen ƙarfe biyu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke zuwa, in ka ce bari in ɗan kishingiɗa ka tashi dare ya yi. Kayan fita tun dare nake jera su a bakin ƙofa saboda kar in tsaya shawara da zuciyata da safe. Ina shan bitamin D, mu masu baƙar fata mun fi buƙatarsa a nan. Ranar Juma'a kuma ko me ake ciki sai mun haɗu da 'yan uwa mata, 'yan Najeriya da Nijar da Gana da Somaliya, a dafa shinkafa a yi hira, wadda ba ta zo ba a buga mata waya a ji lafiya, in ba ta ɗauka ba a je a ƙwanƙwasa.

Kai, yatsuna sun daina jin komai, kuma motar da zan hau saura minti huɗu, a nan in an ce huɗu to huɗun ne. Masu shirin zuwa karatu da kuka tambayi kuɗin kayan sanyi, kar ku sayi komai daga gida, bidiyo na gaba zan kai ku shagon gwanjo ku ga farashin jaket da takalmi da idonku. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.