Kafin Ruwa Ya Iso: Yadda Garuruwan Kwarin Haɗeja Ke Shirin Ambaliya

Assalamu alaikum, masu kallo.  Kogin Kano da na Challawa sun haɗu sun zama kogin Haɗeja, ya ratsa ta Ringim, Taura, Miga, Auyo, Haɗeja, har Guri, duk a jihar Jigawa. Can sama akwai manyan madatsan ruwa biyu, Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa a 1992. In damuna ta yi ƙarfi suka tumbatsa, ruwan ba shi da hanyar bi sai ta waɗannan garuruwa. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa in ya kwanta ba ya saurin janyewa. A 2022, lokacin da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Gargaɗi kam yana fitowa da wuri. Tun farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke fitar da hasashen damuna, NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Akwai hukumomin agajin gaggawa, NEMA a tarayya, SEMA a jiha, sannan kwamitin agajin gaggawa a ƙaramar hukuma. To, a mataki na ukun nan ne igiya ta fi tsinkewa. Wurare da yawa kwamitin ba ya zama sai ruwa ya ci gari, aikinsa ya koma rabon shinkafa da tabarma. Gargaɗin da bai kai kunnen mai unguwa ba, ina amfaninsa ga manomin Auyo?

Garin da ya shirya, tun rani ake gane shi. Ana fita aikin gayya a sare kacala, ciyawar nan da ke toshe bakin kogi har ruwa ya kauce ya bi gonaki. Ana ɗaga jinga, a toshe ramukan da gara da ɓeraye suka yi a jikinta, domin ta ƙaramar ɓula take fara yagewa. Ana tara buhuna da yashi kusa da wuraren da aka san suna da rauni. Watan Agusta na kamawa, matasa su raba kwana a kan jingar da tocila, ga sanda mai alama a kafe cikin ruwa ana duba hawansa. Da ya wuce alama, labari ya tafi wurin dagaci, lasifikar masallaci ta ɗauka.

Daga nan sai tambayar da ba a son yi: ina za a nufa? Dole a tsayar da wurin tun kafin ranar, galibi makarantar da ke kan tudu, kowane gida ya san hanyarsa. Mai unguwa ya riƙe sunayen tsofaffi, masu juna biyu da naƙasassu, a san wanda zai ɗauki kowanne. Masu kwale-kwale su yarda ba za a yi lodin wuce ƙima ba, don kifewar kwale-kwale na cin rai ƙwarai a lokacin ambaliya.

Nauyin ƙaramar hukuma a nan bayyane yake: buhuna, man injin yashe kogi, rigunan ruwa, da sinadarin tsaftace rijiyoyi, saboda kwalara kan biyo bayan ruwa. Ku je wurin kansilan mazaɓarku kafin ruwan shuka ya sauka, ku tambaye shi yaushe kwamitin ya zauna, su wa ke ciki, kuma nawa aka ware masa a kasafin bana.