Nördlingen: Ganuwar nan fa ba ita ce bakin ramin ba

To jama'a, kun dai ga hoton garin nan zagayayye kamar faifai da ake ta yawo da shi a TikTok, wai dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa rami, mutane suka zo suka gina gari daidai girman ramin. Garin akwai shi, sunansa Nördlingen, a jihar Bavariya can kudancin Jamus, mutanensa wajen dubu 20. Dutsen ma ya faɗo, shekara kusan miliyan 15 da suka wuce. Amma wannan zagayen da kuke gani ganuwa ce, mutane ne suka gina abarsu tun daga 1327, ƙofa biyar gare ta, kuma duk tsawonta bai cika kilomita 3 ba, kana iya zagaye garin kaf a kanta ka dawo shayinka bai gama hucewa ba. To, na ɗan ƙara gishiri.

Yanzu mu ɗaga sama. Ƙara. Ƙara dai. Kun ga garin ya koma ɗan ɗigo? Duk gonakin nan da suka shimfiɗu har can inda tuddai suka yi layi, shi ne ramin. Ries ake ce masa, faɗinsa wajen kilomita 24, ƙauyuka birjik a cikinsa, in kana tsaye a ƙasa wallahi ba za ka ce a rami kake ba. Su kansu masana da can aman wuta suke ɗora wa laifi, sai a 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka samu ma'adinin coesite a duwatsun wurin, abin da sai mugun bugu ke haifarwa.

Mu dawo cikin gari. Wannan hasumiyar cocin St. Georg ce, suna kiranta Daniel, mita 90, da dutsen da bugun ya narka aka gina ta, kuma har daimon akwai a jikinta. Kar wani ya fara neman biza, ƙanana ne sosai, ido ma ba ya ganinsu.

Saura a gurguje: an gwabza ƙazamin yaƙi a nan a 1634, 'yan sama jannatin Apollo 14 masu shirin zuwa duniyar wata sun zo atisaye a 1970. 'Yan Bayern kuma, Gerd Müller ɗinku ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi a 1945.