Homestead, 1892: Yajin Aikin da Aka Ci a Bakin Kogi, Aka Rasa a Bakin Murhu

 Ga birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania ta Amurka, ga kogin Monongahela. Idan aka bi gaɓar kogin kimanin kilomita goma sha ɗaya daga tsakiyar birnin, sai a iso Homestead. A 1892 garin yana da katafariyar masana'antar ƙarfe ta Andrew Carnegie, mai ma'aikata kusan 3,800. Mai shago, mai gidan haya, har limamin coci, kowa abincinsa daga ƙofar masana'antar nan yake fitowa.

Rikicin wannan shekara ana yawan cewa na albashi ne. Haka ne, amma akwai wani sharaɗi a cikin takardar kamfani da ya fi albashin tayar wa ma'aikata hankali: ranar ƙarewar yarjejeniya. Kamfani yana so a ɗauke ta daga 30 ga Yuni a mai da ta 31 ga Disamba. Me ya sa magidanta za su sa wuyansu a kan kwanan wata? Sai mun shiga gida za mu gane.

Tanderun narkar da ƙarfe ba ya son sanyi. In aka bari ya huce, abin da ke ciki ya daskare, bulon da aka jera masa ya tsattsage, sai a yi kwanaki ana gyara. Saboda haka wuta ba ta mutuwa, dare da rana. A yawancin sassa kashi biyu ake raba ma'aikata, 'yan dutin rana da 'yan dutin dare, kowa wajen awa goma sha biyu. A sassan da ba sa hutun Lahadi, duk sati biyu ake musanya duti, kuma don musanyar ta yiwu dole rukuni ɗaya ya yi awa ashirin da huɗu a tsaye. Mutumin da ya kwana ya wuni gaban narkakken ƙarfe, ido ya yi nauyi, ƙafa ta yi sanyi, shi ne yake taka inda bai kamata ba.

Wannan duti shi yake juya gidan gaba ɗaya. Uwargida ta tashi tun duhu ta cika masa kwanon abincin da zai tafi da shi. Satin da yake dare, yara su wuni suna tafiya a hankali kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, don Baba yana barci. Wanki kuwa ba ya ƙarewa: a shanya fari, toka ta sauko daga bututun hayaƙi ta mai da shi ruwan ƙasa kafin ya bushe.

A unguwar da ke gab da katangar masana'anta, inda baƙi daga gabashin Turai suka fi yawa, gidajen ɗaki biyu ne kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, masai a gefe. Albashin lebura ba ya riƙe iyali, don haka sai a ɗauki gwauraye 'yan haya. Matar gida ta dafa musu, ta wanke musu kayan aiki masu maiƙo, ta ɗebo ruwan da bokiti. A wasu gidajen gado ba ya hucewa: mai dare ya tashi, mai rana ya kwanta. Kuɗin da matar nan take tarawa shi ne rabin ƙarfin gidan, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta sunanta a littafin albashi.

Sai littafin bashi. Duk sati biyu ake biyan albashi, tsakanin biya da biya mai shago ne yake rubutawa. Wannan littafi shi ne ma'aunin kwanakin da yajin aiki zai iya yi. A watan Yuli ba a sayen kwal don ɗumama ɗaki, yara ba sa buƙatar manyan riguna, magidanci yana iya samun aikin gini ko na gona ya rage asara. A watan Janairu ƙanƙara ta rufe duk waɗannan ƙofofi. Henry Clay Frick, shugaban kamfanin, ya san haka sarai. In yarjejeniya ta ƙare a tsakiyar hunturu, babu mai ƙarfin halin ajiye aiki.

Batun kuɗin kuma ga yadda yake. Ƙungiyar ƙwadago ta Amalgamated tana da mambobi wajen 800 a masana'antar, galibinsu ƙwararru masu karɓar lada gwargwadon tan ɗin da suka fitar. Tun yarjejeniyar 1889 ladan yana hawa yana sauka tare da farashin sandar ƙarfe a kasuwa, amma da iyaka a ƙasa: ko farashi ya faɗi warwas, da dala 25 kan kowane tan za a yi lissafi. Frick ya ce a mai da iyakar dala 22, daga baya ya ce 23. Ƙungiya ta sauko zuwa 24. Dala ɗaya ce tsakaninsu, ya rufe ƙofar tattaunawa, domin abin da yake nema shi ne masana'anta babu ƙungiya. Carnegie kuwa yana hutawa a Sikotland, ya bar masa wuƙa da nama.

Frick ya kewaye masana'antar da katangar katako mai tsawon mil uku, da waya mai ƙaya a sama. A ƙarshen Yuni ya kulle ƙofa. Abin da bai yi tsammani ba shi ne leburori kusan dubu uku, waɗanda ba ma 'yan ƙungiya ba ne, su bi bayan ƙwararrun. Magajin garin kansa, John McLuckie, ɗan ƙungiya ne. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Hugh O'Donnell, aka sa 'yan sintiri a hanya, a tashar jirgin ƙasa, da kan kogi.

Da asubar 6 ga Yuli 'yan sintiri suka hango jiragen dakon kaya guda biyu ana jan su a ruwa. Jami'an tsaron haya 300 ne a ciki, na kamfanin Pinkerton, da bindigoginsu. Aka busa jiniya, gari ya fito, maza da mata da yara, suka fasa katangar suka tare bakin ruwa. Har yau ana gardamar wanda ya fara harbi. Aka wuni ana musayar wuta. Ma'aikata suka gwada tsohuwar igwa, suka jefa nakiya, suka malala mai a kan ruwa don su cinna wa jiragen wuta, duk bai yi aiki ba. Zafi da ƙishi da tsoro ne suka gama da mutanen da ke cikin jiragen, wajen ƙarfe biyar na yamma suka miƙa wuya. Aƙalla ma'aikata bakwai da jami'ai uku suka mutu.

Nan aka yi kuskure na farko. An yi wa waɗanda suka miƙa wuya alkawarin ba za a taɓa su ba, amma da aka biyo da su ta cikin taro sai jama'a suka rufe su da duka, kuma 'yan jarida na tsaye suna rubutawa. Ranar 12 ga Yuli gwamna Robert Pattison ya turo dakarun jiha sama da dubu takwas. A inuwarsu kamfani ya riƙa shigo da sababbin ma'aikata, ya gina musu wurin kwana a cikin katanga, ya ba masu yaji da ke gidajensa takardar tashi. Ranar 23 ga Yuli wani matashi mai suna Alexander Berkman, wanda ba shi da alaƙa da ƙungiyar, ya shiga ofishin Frick ya harbe shi ya kuma soke shi. Frick bai mutu ba, tausayin jama'a ne ya mutu.

Daga nan faɗan ya koma kotu da madafa. Aka tuhumi shugabanni da kisa, da tayar da tarzoma, har da cin amanar jiha. Kotu ba ta sami ko ɗaya da laifin kisa ba, amma beli da lauyoyi sun lashe asusun da ya kamata ya ciyar da iyalai. Mai shago da ya yi wata huɗu yana rubutawa, shi ma dillali ya fara binsa bashi. 'Yan haya suka watse neman aiki a wasu garuruwa, kuɗin uwargida ya tafi tare da su. Ga sanyi ya kawo kai. Leburori ne suka fara neman a sake su su koma, sannan ranar 20 ga Nuwamba 'yan ƙungiya suka kaɗa ƙuri'a, 101 da 91, aka janye. Frick bai jira Disamba ba, Nuwamba ta ishe shi. Waɗanda suka yi fice a yajin aka sa sunayensu a jerin da babu masana'antar da za ta ɗauka.

Shekara goma sha biyar bayan haka masu bincike suka shigo yankin. Margaret Byington ta bi lissafin kuɗin gidaje 90 a Homestead. A lokacin lebura yana samun santi goma sha shida da rabi a awa, wato bai cika dala goma ba a satin kwana shida na awa goma-goma. Crystal Eastman ta ƙirga mutum 526 da suka mutu a bakin aiki a gundumar Allegheny cikin shekara ɗaya, daga Yulin 1906 zuwa Yunin 1907, 195 daga cikinsu ma'aikatan ƙarfe. Iyalai da yawa ba su ga diyyar kirki ba, abin da ya sa kowane gida yake matse ciki ya biya kuɗin ƙungiyar taimakon juna ta coci ko ta ƙabila, ko don a sami na jana'iza.

An sake gwadawa a Satumbar 1919, ma'aikatan ƙarfe wajen 350,000 a faɗin ƙasar, shi ma ya karye a Janairun 1920, cikin sanyi. Dutin awa goma sha biyu sai 1923 aka fara soke shi. Kamfanin U.S. Steel, wanda ya gaji masana'antar a 1901, bai zauna da ƙungiyar ƙwadago ya sa hannu kan yarjejeniyar da ta shafi Homestead ba sai Maris na 1937. A 1941 aka rushe unguwar bakin katangar don faɗaɗa masana'anta saboda yaƙi, mutum kusan dubu takwas suka tashi. Masana'antar kanta ta rufe a 1986. Yau shaguna da wurin ajiye motoci ne a filin, sai bututun hayaƙi goma sha biyu da aka bari a jere, da ɗakin injin ruwa a bakin kogi, daidai inda jiragen nan biyu suka tsaya.