Darasin Italiyanci: Gaɓa da Inda Murya Take Sauka

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau gaɓoɓin kalma za mu taɓa, don haka kowa ya buɗe baki, ba darasin yin shiru ba ne.

Bari in fara da albishir. Bahaushe ya riga ya san baƙi mai ninki, tunda ba ya haɗa "mana" da "manna". To haka Italiyanci yake. Sete ƙishirwa ce, sette bakwai. Pala shebur, palla ƙwallo. Nonno kaka ne namiji, nono kuwa, ku daina dariya, "na tara" yake nufi. Wajen raba gaɓa, baƙin nan biyu rabuwa suke yi: set-te, piz-za, mam-ma. Ku faɗa mu ji. Madalla.

Harafin s idan wani baƙi ya biyo shi, gaba yake bi: pa-sta, fe-sta. Amma l, m, n da r baya suke tsayawa: al-to, cam-po, por-ta. Su gn da gl kuwa ba a raba su: ba-gno, fi-glio. Sai dai a kula da cusa wasali inda babu shi. Strada, wato hanya, gaɓa biyu ce, stra-da. Kada ta koma "sitirada".

Inda aikin yake shi ne nauyin murya. Mu karin sauti muke da shi, hawa da sauka. Su kuma gaɓa ɗaya suke dannawa a kowace kalma. Galibi ta biyun ƙarshe ce: a-MI-co, ra-GAZ-zo. Idan nauyin ya faɗa kan wasalin ƙarshe, dole a sa masa alama a rubuce: città, caffè, perché. Papa shi ne Paparoma, papà kuma baba. Kun ga alama ɗaya ta raba su.

Masu wahalar su ne waɗanda nauyinsu ke kan gaɓa ta uku daga ƙarshe, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna komai. NA-po-li ake cewa, ba Na-PO-li ba. GE-no-va, TA-vo-lo, te-LE-fo-no. Kalmar ancora ma fuska biyu gare ta: AN-co-ra ƙarfen da ke tsayar da jirgin ruwa, an-CO-ra kuma "har yanzu". A ganina, duk sabuwar kalma a haddace ta tare da nauyinta tun ranar farko, a ja layi ƙarƙashin gaɓar a littafi.

To, ku maimaita bayana, a hankali: medico, musica, sabato.