Zaman Berlin: Ina Kuɗin Baƙo Ke Tafiya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau Berlin za mu leƙa, babban birnin Jamus, mu ga nawa zama a cikinsa yake ci wa baƙo, ko aiki ne ya kai shi, ko karatu, ko aure. Tun da wuri in faɗa muku, ba abinci ne ke cinye kuɗin baƙo a wannan birni ba. Gida ne, sai kuma abin da ake yanka daga albashi tun kafin ya shigo hannu.

Mu fara da albashin, don a nan lissafin mutane da yawa yake karkacewa. Idan kamfani ya ce zai biya ka Yuro 3,000 a wata, kada ka yi saurin ɗauko waya kana juya shi zuwa Naira ko Sefa. Wannan adadi na kan takarda ne. Kafin ya faɗa asusunka an cire haraji, an cire kuɗin fansho, da inshorar lafiya, da ta rasa aiki, da ta jinyar tsufa. Kason ma'aikaci a waɗannan inshorori kaɗai ya kai wajen kashi 20 cikin 100, kamfanin ma yana zuba kwatankwacin haka. Wanda ba shi da aure ba shi da 'ya'ya, abin da zai gani Yuro 2,000 ne da 'yan kai. Mafi ƙarancin albashi kuwa, a shekarar 2025, Yuro 12.82 ne a awa. Amma fa kuɗin nan ba asara ba ne. Ranar da ciwo ya kama ka, katin inshora za ka miƙa, likita ya duba ka ba tare da an ce ka fara biya ba.

To, sai gida. Fiye da kashi 80 cikin 100 na gidajen Berlin na haya ne, masu nema kuma sun fi gidajen yawa nesa ba kusa ba. Ranar da aka sa don duba gida, za ka tarar da layi tun daga ƙofa har matakala, kowa riƙe da fayil: takardun albashi na wata uku, hoton fasfo, da takardar Schufa, wato shaidar cewa kai ba mai taurin bashi ba ne. Wanda ya sauka jiya ba shi da ko ɗaya sai fasfo. Shi ya sa baƙi da yawa suke faɗawa gidajen wucin gadi masu kayan ɗaki, waɗanda suka fi kowanne tsada. Wasu kuma su kama ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, a raba kicin da banɗaki, shi ma a 'yan shekarun nan ba wuya ka ji an ce Yuro 600 ko sama da haka.

Gwamnatin birnin ta taɓa ƙoƙarin taka wa abin birki. A 2020 ta kafa dokar hana ƙara kuɗin haya, amma a watan Afrilun 2021 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasa ta soke ta, ta ce wannan hurumin gwamnatin tarayya ne. A watan Satumba na shekarar, mafi yawan masu ƙuri'a a Berlin suka goyi bayan a karɓe gidajen manyan kamfanonin haya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yadda abin yake ci wa 'yan gari tuwo a ƙwarya, balle baƙo.

Idan ka ga tallar gida, farashi biyu za ka gani. Akwai Kaltmiete, kuɗin ginin zalla. Akwai Warmmiete, wanda ya haɗa da ɗumama ɗaki, ruwa, kwashe shara da sauransu. Na biyun shi ne zai riƙa fita daga aljihunka kowane wata, kuma galibi wutar lantarki da intanet ba sa ciki. Kuɗin ɗumamar nan ƙiyasi ne kawai. Sau ɗaya a shekara mai gida zai aiko da cikakken lissafi: in ka yi tsimi a mayar maka da canji, in ka bar na'urar ɗumamar tana ci dare da rana ka biya ciko. Bayan tashin farashin gas a 2022, wannan wasiƙa ta girgiza gidaje da yawa. Mu kuma da muka taso a rana, sanyin Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba abin wasa ba ne.

Akwai kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa. Doka ta ce kada ya wuce haya zalla ta wata uku, kuma kana da damar biyansa kashi uku. Wani abin da ke ba baƙi mamaki, gidaje da dama babu komai a kicin ɗinsu, wani lokaci ko fitila babu a silin, wayoyi ne kawai ke lilo. Kai za ka saya ka sa. Ina kuma roƙon ku, kada ku tura wa kowa kuɗi a kan gidan da ba ku shiga da ƙafarku ba. In an ce gida mai kyau a tsakiyar gari da araha, mai shi kuma wai yana ƙasar waje zai aiko da makulli, ruwa ba ya tsami banza.

Kafin ka sa hannu, tambayi mai gida ko za ka iya yin rajistar zama da adireshin, abin da ake kira Anmeldung. Doka ta ba da kwana 14 bayan tarewa. Da wannan rajista ce lambar harajinka za ta zo ta gidan waya, idan babu ita kuma, harajin da za a yanka maka ya fi na kowa.

Sauran abubuwa da sauƙi. Cefane a manyan shaguna irin su Aldi ko Lidl bai kai tsadar da ake zato ba. Naman halal, shinkafa da kayan miya suna nan a shagunan Turkawa da Larabawa a unguwannin Neukölln da Wedding, ga kasuwar Maybachufer ranakun Talata da Juma'a. Doya, manja da kuɓewa ne sai ka daure, don daga nesa suke zuwa. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke. Robar ruwa ko ta lemo kuwa kada ka yar, ka mayar shago a ba ka santi 25.

Mota ba dole ba ce. Tikitin Deutschlandticket, da aka fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, da shi za ka hau bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen yanki a duk faɗin ƙasar. In aka kama ka ba tikiti, tarar Yuro 60 ce. Kowane gida kuma yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko kana kallo ko ba ka kallo.

Mai iyali, a nan Berlin ta yi rawar gani. Tun 2018 gidan rainon yara kyauta ne, sai Yuro 23 na abinci a wata, kodayake samun gurbi sai an yi haƙuri.

Ɗalibi kuwa, jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai na zango, 'yan ɗaruruwan Yuro. Amma kafin a ba shi biza, galibi sai ya nuna Yuro 11,904 a rufaffen asusu, adadin da aka sa tun 2024, ana sakar masa 992 a wata. Cire kuɗin ɗaki 600, cire inshorar lafiya da ta haura 100, abin da ya rage shi ne abinci, waya, littattafai da rigar sanyi. Doka ta yarda ya yi aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara, kuma ɗalibai da yawa da wannan suke cike giɓin.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.