Lacca: Hoton Ƙwaƙwalwa da Ciwon da ke Cinye Magana Sannu a Hankali

Assalamu alaikum. Ciwon da za mu tattauna yau ba irin shanyewar ɓarin jiki ba ne, mai ɗauke magana dare ɗaya. A 1982 Dakta Marsel Mesulam ya bayyana marasa lafiya shida waɗanda maganarsu ke zaizayewa shekara bayan shekara, alhali hankalinsu na nan, suna tafiyar da harkokinsu. Likitoci na kiran wannan ciwo PPA a taƙaice, wato ciwon da ke farawa da cin magana, yana ƙaruwa sannu a hankali.

A 2011 masana suka kasa shi uku, kowanne da inda yake cin ƙwaƙwalwa, galibi a ɓarin hagu. Mai magana da ƙyar, jimlarsa a kakkarye, sashen goshi ne ke motsewa. Wanda ma'anar kalmomi ke kuɓuce masa, ka ce "almakashi" ya ce mene ne almakashi, gaban sashen da ke wajen kunne ne. Na ukun yana laluben kalma, ba ya iya maimaita doguwar jimla. Nasa lahanin can baya yake, kuma yawanci cutar Alzheimer, wata cutar mantuwa, ce tushensa.

Hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, yana nuna motsewa, a yanka-yanka masu kaurin kusan milimita 1. Hoton PET na sukari kuwa, wanda ke bin yadda ƙwaƙwalwa ke zuƙar wani sukari da ake yi wa mutum allurarsa, yana nuna inda aiki ya ragu, sau da yawa tun kafin wurin ya motse. Sai dai yana da sharuɗɗa: azumin awa 4 zuwa 6, a auna sukarin jini, a yi allura, sannan mutum ya kwanta shiru a ɗaki mai ƙarancin haske kamar minti 30. Idan aka bar 'yan rakiya suna jan sa da hira a lokacin, sassan magana za su zuƙi sukarin, hoton ya gurɓata.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum biyu na iya samun maki ɗaya a gwajin magana, hotunansu su sha bamban. A 1992 Yaakov Stern na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya nuna cewa masu Alzheimer da suka yi zurfi a karatu, ko da alamunsu daidai suke da na wasu, lahanin ƙwaƙwalwarsu ya fi yawa. Wannan shi ne jarin ƙwaƙwalwa: karatu da aiki mai buƙatar tunani suna buɗe wasu hanyoyin da za a bi idan babbar hanya ta toshe. A Haidarabad ta Indiya, binciken 2013 kan mutum 648 ya gano masu harshe biyu sun yi jinkirin nuna alamun ciwon mantuwa da kusan shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su iya karatu ba. Ku lura, wannan kan mantuwa ne gaba ɗaya, ba PPA kaɗai ba.

Jarin nan ba ya hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mutuwa, rufa asiri kawai yake yi. Ranar da ya ƙare, sai a ga mutum ya zube da sauri. Don haka malamin makaranta da ya ce kalmomi na gudunsa, ko ya cinye gwajin tas, kada a sallame shi. A tambayi shekarun karatunsa da sana'arsa, a gwada shi da kowane harshen da yake ji, a ɗauki hoto, a sake ɗauka bayan shekara a kwatanta.